Zagaya Duniya: Kubrus, Tsibiri Ɗaya Mai Ƙofa Biyu

Da fatan karatu yana tafiya daidai, kuma ba a jingine littafi sai daren jarabawa ba. Yau za mu tsallaka ruwa zuwa Kubrus, ƙasar da yawancinku kuka fi sani da Saifurus. Da wuya a sami unguwa a Kaduna ko Kano da ba a san wani ɗan unguwar da ya je can karatu ba, amma kaɗan ne a cikinmu suka san yadda ƙasar take.

Abin da ya sa muka zaɓe ta a wannan mako wata hira ce da muka yi ranar Asabar bayan la'asar, a nan Hayin Banki. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta aiko jikanta ya kira mu. Autarta ce za ta kammala jami'a a arewacin Kubrus, 'ya'yanta kuma sun haɗa mata kuɗin jirgi don ta halarci bikin yaye ɗalibai. Bayan an gaisa, ta ce:

"Malam, an ce ka taɓa zuwa ƙasar nan. Ni ba bikin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Malamarmu ta Islamiyya ta ba mu tarihin Ummu Haram, ta ce a can kabarinta yake. Ina so in ziyarta kafin in dawo. Yaron da ya yi mini takardu ya ce ba matsala."

Muka ce, "Hajiya, a wane filin jirgi za ku sauka?"

Ta miƙo takardar. An rubuta Ercan, wanda ake furtawa Erjan.

Muka ce, "Hajiya, sai dai ku yi haƙuri. Kabarin yana kudu, ku kuma a arewa za ku sauka. Da wannan takardar ba za a bar ku ku tsallaka ba."

Ta yi shiru, can ta ce, "Ikon Allah! Ashe ba ƙasa ɗaya ba ce?"

Amsar wannan tambaya ta Hajiya ita ce darasinmu na yau. Mu ma ba a littafi muka fara koyon sa ba. Shekaru biyu da suka wuce mun je bikin ƙanwarmu, muka taka da ƙafa har mashigar da ke tsakiyar babban birnin, muna ganin shagunan wancan ɓangare kamar daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi. Jami'in da ke duba takardu ya buɗe fasfonmu, ya girgiza kai, ya miƙo mana abinmu cikin ladabi. Haka muka juyo. Laifin ba nasa ba ne, namu ne da ba mu yi tambaya ba tun daga gida.

INA TAKE?

Ku ɗauko taswirar duniya, ku nemo Masar, sannan ku ɗaga ido sama zuwa Turkiyya. Ruwan da ke tsakaninsu shi ne gabashin Bahar Rum. Ɗan gutsuren ƙasar da ke cikin ruwan, mai doguwar wutsiya tana nuna Siriya, shi ne Kubrus. Tsibiri ne, wato ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina, kamar tudun yashin da kan fito a tsakiyar Kogin Kaduna da rani, sai dai shi ba ya nutsewa da damina.

Shi ne tsibiri na uku a girma a Bahar Rum, bayan Sisili da Sardiniya. Faɗinsa murabba'in kilomita 9,251, ke nan Jihar Kaduna ta kusa ninka shi sau biyar. Daga wannan ƙarshe zuwa wancan kusan kilomita 240 ne, kamar daga Kaduna zuwa Kano. Tsakaninsa da gaɓar Turkiyya kuwa bai kai nisan Kaduna zuwa Zariya ba.

'Yan ajin kimiyya, ga tsarabarku. Alamar Cu da kuke rubutawa a madadin jan ƙarfe, wanda ake yin wayar lantarki da shi, ta fito ne daga sunan da Romawa suka ba ƙarfen, su kuma daga sunan wannan tsibiri suka ɗauko shi, domin tun zamanin da ake haƙar sa a can.

YADDA ƘOFA TA ZAMA BIYU

Al'ummu biyu ne manya a tsibirin: Girkawa, waɗanda su ne masu rinjaye kuma Kiristoci ne, da Turkawa, waɗanda Musulmi ne. Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba tamu ta Sakkwato ba, ta ci tsibirin a 1571. Turawan Ingila suka karɓe shi a 1878. Ya sami 'yancin kai ranar 16 ga Agusta, 1960, ke nan ya riga Nijeriya da 'yan makonni kawai.

Zaman bai yi daɗi ba. Rikici ya ɓarke tsakanin al'ummun biyu a ƙarshen 1963, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura sojojin kiyaye zaman lafiya a 1964, kuma har yau suna nan. Ranar 15 ga Yuli, 1974, aka yi juyin mulki da goyon bayan sojojin da ke mulkin Girka. Bayan kwana biyar Turkiyya ta shigo da sojojinta, ta riƙe fiye da kashi ɗaya bisa uku na tsibirin. Girkawan arewa suka koma kudu, Turkawan kudu suka koma arewa, dubban iyalai suka bar gidajen da aka haife su. Mu mutanen Kaduna, da muka ga yadda rikici ya sa wasu suka tsallaka kogi zuwa kudu wasu suka dawo arewa, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Yau kudu ita ce Jamhuriyar Kubrus, wadda duniya ta sani, Nijeriya ma ita ta sani. Ta shiga Tarayyar Turai a 2004, kuma tun 2008 kuɗinta yuro ne. Arewa ta ayyana kanta ƙasa ranar 15 ga Nuwamba, 1983, amma Turkiyya kaɗai ta amince da ita, kuma kuɗinta lirar Turkiyya ne. A tsakaninsu akwai wani ziri mai tsawon kusan kilomita 180 da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi, ana kiran sa Koren Layi. Ya ratsa tsakiyar babban birnin, wanda duniya ke kira Nikosiya, Turkawa kuma Lefkosha. An fara buɗe mashigai a 2003.

Ga inda abin ya shafe mu. Jirgin da zai sauka a Ercan sai ya biyo ta Turkiyya, domin sauran ƙasashe ba su ɗauki filin a matsayin halattaccen filin jirgi na duniya ba. Gwamnatin kudu ma ba ta ɗauke shi a matsayin halattacciyar ƙofar shiga ba. Nata filayen su ne Larnaka da Pafos. Saboda haka mai fasfon Nijeriya da ya sauka a arewa, ba shi da bizar kudu, ba zai tsallaka Koren Layi ba. Kowane ɓangare da bizarsa, da kuɗinsa, da layin wayarsa. Ƙofar da ka shiga ita ce ke yanke abin da za ka gani.

KAFIN A BAR KADUNA

Na ɗaya, ku yanke shawarar ɓangaren da za ku, sannan ku nemi bizar wannan ɓangaren. 'Yan Nijeriya suna cikin waɗanda ake buƙatar su sami biza kafin su taso, ko arewa za su ko kudu. Mai zuwa arewa ya kuma tambayi sharuɗɗan yada zango a Turkiyya a ofishin jakadancinta da ke Abuja. Dokokin biza kan sauya, don haka ku ji daga bakin hukuma, ba daga bakin mai neman lada a kan tikitinku ba. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare aiki. A haɗa da katin allurar rigakafin cutar shawara, da tikitin dawowa, da adireshin masauki, da takardar gayyata daga makaranta in biki za a je, da inshorar lafiya. Ku ɗauki hoton kowace takarda a waya, ku kuma bar kwafi a gida wurin wanda kuka amince da shi. Wannan ya fi muhimmanci ga mai zuwa arewa, domin Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a can. Wanda fasfonsa ya ɓata ya shiga doguwar wahala.

Na uku, hanya. Daga nan sai Abuja, ko a mota ko a jirgin ƙasa daga Rigasa, kuma gara a kwana a Abuja da a yi tsere da lokaci. Daga Abuja zuwa Istanbul tafiyar kimanin awa shida zuwa bakwai ce, daga can zuwa Ercan kimanin awa ɗaya da rabi.

Na huɗu, kaya. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa a ƙulle su da kyau, in an tambaya a nuna. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashe irin namu, don haka mai zuwa kudu ya ci abinsa a gida. Mai shan magani ya riƙe takardar likita. Sannan kada ku karɓi saƙon kowa a ƙulle. In ɗan unguwa ya ce ku kai wa ɗansa kaya, a buɗe a gabanku. Wanda ya ji haushin haka, ya nemi wani ɗan aike.

ABIN DA ZA KU TARAR

Yanayinsu ya saɓa wa namu. Ruwan sama da sanyi suke zuwa tare, daga Disamba zuwa Fabrairu. A Yuli da Agusta, lokacin da muke tsakiyar damina, su zafi suke sha, a Nikosiya har yakan haura digiri 40. Lokacin da ya fi daɗin yawo shi ne Maris zuwa Mayu, da kuma Oktoba zuwa Nuwamba. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu a lokacin zafi.

Motoci ta hannun hagu suke bi, gadon Ingila, kamar yadda muke yi a Nijeriya kafin 1972. Wannan ba abin wasa ba ne. A titin Kawo mun saba duba hagu kafin mu tsallaka. A can dama ake fara dubawa. Soket ɗin lantarki kuwa irin namu ne mai baki uku, cajar wayarku za ta shiga ba tare da wata dabara ba.

Alƙibla ma ta sauya. A gida mukan ce a fuskanci gabas, amma a Kubrus Makka tana kudu ne, an ɗan karkata gabas. Baƙon da ya shimfiɗa darduma yana neman mafitar rana ya kauce.

A arewa, motar talaka ita ce ƙaramar bas da ake kira dolmush. Ma'anar sunan "ta cika", domin kamar motocin Zariya a tashar Kawo, sai ta cika take tashi. Da yamma motocin kan yi ƙaranci, tasi kuma tana da tsada, don haka a fita da wuri a dawo da wuri, a kuma yi ciniki kafin a shiga. Ruwan sha na gora ake saya. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

WURAREN GANI A AREWA

A fara da tsohon birnin Nikosiya. Ganuwa ce ta kewaye shi, wadda mutanen Benis na Italiya suka gina wajen 1567, zagayayya mai kusurwa goma sha ɗaya. A cikinta akwai Buyuk Han, wato babban zango, da aka gina a 1572. Irin zangon fatakenmu ne na da: ɗakuna a sama don kwana, ƙasa don kaya da dabbobi, da ɗan masallaci a tsakar gida. Yanzu masu sana'ar hannu da masu shayi ne a ciki, nan ne wurin sayen tsaraba. Kusa da shi akwai Masallacin Selimiye, wanda asalinsa babbar majami'a ce.

Daga nan a haura duwatsun da ake kira Yatsu Biyar a gangara Girne, wadda Girkawa ke kira Kireniya, tafiyar kimanin rabin awa. Garin bakin teku ne mai tsohuwar tashar jiragen ruwa. A cikin ganuwar da ke bakin tashar an ajiye ragowar wani jirgin ruwan 'yan kasuwa da ya nutse fiye da shekara 2,200 da suka wuce. An gano shi a 1965, aka tsamo shi da kayansa: tuluna, da duwatsun niƙa, da dubban 'ya'yan almon. Wanda ya tsaya gaban katakon nan zai san cewa fatauci ya girmi kowa.

Sai Famagusta, ko Magusa a bakin Turkawa, tafiyar kimanin awa ɗaya daga Nikosiya. A nan Jami'ar Gabashin Bahar Rum take, wadda aka kafa a 1979. A tsakiyar tsohon garin akwai Masallacin Lala Mustafa Pasha. An fara gina shi a matsayin majami'a a 1298, aka mai da shi masallaci a 1571. Da yake ginin gabas yake kallo, alƙibla kuma kudu, za ku ga sahu bai bi tsawon ginin ba. A ƙofarsa akwai wata tsohuwar bishiya da ake cewa sa'ar ginin ce. Da muka matsa kusa muka duba ganyen da 'ya'yan, sai ga shi ɓaure ne, irin na bayan garinmu. A bakin ganuwar garin kuma akwai hasumiyar da ake kira da sunan Othello, domin a Kubrus marubucin nan Shakespeare ya kafa yawancin wasan kwaikwayonsa mai wannan suna. 'Yan ajin adabin Turanci, ga ku ga wurin.

Arewa da Famagusta kaɗan akwai kufan birnin Salamis, da ginshiƙansa da dandalin wasanninsa na zamanin Romawa. Masu karatunmu Kirista sun san sunan, domin a nan Bulus da Barnaba suka sauka a tafiyarsu ta farko. Barnaba ɗan Kubrus ne, kuma wurin da ake cewa kabarinsa ne yana nan kusa.

Mai sauran kwanaki ya bi wutsiyar tsibirin, yankin Karpaz, inda jakuna ke yawo ba mai su. Sukan tare mota su zuro kai ta taga suna neman abin taɓawa. A gaɓar Alagadi kuma, gabas da Girne, kunkurun teku kan fito da dare a lokacin zafi su yi ƙwai a cikin yashi, ana kuma kai baƙi kallo bisa tsari.

WURAREN GANI A KUDU

Wanda ya shigo ta Larnaka, yana fita daga filin jirgi zai ga wani tafkin gishiri. A bakinsa, cikin itatuwan dabino, akwai masallacin da ake kira Hala Sultan Tekke. Nan ne, bisa abin da ya shahara, kabarin Ummu Haram bint Milhan, Allah Ya ƙara mata yarda. 'Yar'uwar Ummu Sulaim ce, mahaifiyar Anas bin Malik, kuma matar Ubada bin Samit. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi mata bushara tana cikin rukunin farko na al'ummarsa da za su hau teku. Haka kuwa aka yi. A zamanin Halifa Usman, wajen shekara ta 28 bayan Hijira, ta bi rundunar da Mu'awiya ya jagoranta, bayan an sauka ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu. Ginin da ke wurin yanzu an kammala shi ne a farkon ƙarni na 19. A lokacin sanyi tafkin kan cika da wasu tsuntsaye masu dogon wuya da dogayen ƙafafu, launin ruwan hoda, da ake kira filamingo.

A cikin garin Larnaka akwai Majami'ar Li'azaru, ginin da ya haura shekara dubu. A yamma akwai Pafos, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1980, saboda zane-zanen da aka yi wa daɓen gidajen Romawa da ƙananan duwatsu masu launi. A tsakiya akwai duwatsun Turodos, inda ƙololuwar Olimpus ta kai mita 1,952, kuma ƙanƙara kan rufe ta a lokacin sanyi. Ko'ina kuka je za ku yi ta karo da kyanwoyi. Ba baƙi ba ne: a tsibirin nan masana suka tono kabarin wani mutum da aka binne tare da kyanwa kimanin shekara 9,500 da suka wuce.

ME ZA A CI?

Ba za ku kwana da yunwa ba. Akwai cukun da Turkawa ke kira hellim, Girkawa kuma halumi, wanda ake soyawa ko a gasa kamar awara, ba ya narkewa. Akwai molohiya, wadda ba komai ba ce illa lalo, sai dai su busar da shi suke yi su dafa da nama da tumatir da lemon tsami, ba ya yauƙi kamar namu. Akwai kolokas, wato gwaza. Kuɓewa kuma bamya suke ce mata. A kudu, naman alade ya yawaita a gasasshen nama da tsire, don haka Musulmi ya tambaya kafin ya ci, in ya yi shakka ya tsaya a kifi da ganye. A arewa ma, kasancewar mutanen Musulmi ba ta hana sayar da giya a fili ba, sai mutum ya san inda zai zauna.

Ku riƙe 'yan kalmomi. Da Turkanci, merhaba sannu ce, teshekkur ederim na gode, su ruwa, ne kadar nawa ne. Da Girkanci, kalimera ina kwana, efharisto na gode. Turanci ma yana aiki a yawancin wurare.

HATTARA

Teku ba Kogin Kaduna ba ce, kogin ma mun san abin da yake yi mana da damina. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, in an kafa jar tuta kada a shiga sam.

Kada a ɗauki hoton sojoji, ko barikinsu, ko shingen Koren Layi. Ko a Barosha, unguwar otal-otal ta Famagusta da aka rufe tun 1974 aka buɗe wani sashenta a 2020, a bi hanyar da aka keɓe kawai. Kada kuma baƙo ya tsoma baki a gardamar wa ya fara, wa ya zalunci wa. Kowane gida a tsibirin nan yana da nasa tabon.

Gidajen caca sun yi yawa a arewa, fitilunsu kuma suna da kyau da dare. Kuɗin makarantar da uba ya sayar da fili ya tara ba ya wuce dare ɗaya a can.

Na ƙarshe shi ne mafi girma, kuma da ku muke, samari. In wani ya ce ku biya shi ya kai ku arewacin Kubrus, daga nan ku taka ƙafa ku shiga Turai, ku sake duba taswira. Tsibiri ne, ba shi da hanyar mota zuwa Jamus ko Faransa. Wanda ya ratsa Koren Layi a ɓoye, in ya tsira, sansanin masu neman mafaka zai ƙare. A 2021 wasu matasa 'yan Kamaru sun yi watanni a cikin tanti a tsakiyar zirin, gaba ta ƙi baya ta ƙi. A Agustan 2020 hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje, NiDCOM, ta bakin shugabarta Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye game da tura 'ya'yansu arewacin tsibirin, bayan mace-macen ɗalibanmu da ba a warware ba. Da yawa sun je sun yi karatu sun dawo lafiya, ƙanwarmu tana cikinsu. Amma mai niyyar karatu ya fara tabbatar da cewa hukumar YODAK ta can da hukumar YOK ta Turkiyya sun amince da kwas ɗin, ya kuma bincika a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ko za a karɓi takardar a gida. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

MU KOMA WURIN HAJIYA

Da muka gama yi mata bayani, ta ce, "To shi yaron nan ƙarya ya yi mini ke nan?"

Muka ce, "Wataƙila shi ma bai sani ba, Hajiya. A arewa, a gefen Nikosiya kan hanyar Famagusta, an gina wani sabon babban masallaci mai hasumiya huɗu, shi ma sunansa Hala Sultan. In kuka ce wa mai tasi Hala Sultan, can zai kai ku. Masallaci ne mai kyau, ku yi salla a ciki, amma ba nan kabarin yake ba."

Ta yi murmushi ta ce, "Da na je na yi ta addu'a, na dawo ina ba mutane labarin abin da ban gani ba."

Daga filin jirgin da za ta sauka zuwa kabarin, a miƙe, bai kai rabin tafiyar Kaduna zuwa Zariya ba. Muka ba ta shawara ta je bikin 'yarta da zuciya ɗaya, ta ga masallacin Famagusta da ɓauren ƙofarsa, ta kuma yi wa Ummu Haram addu'a daga inda take, tunda addu'a ba ta neman biza. In Allah Ya hore wata shekara, sai a nemi bizar kudu a shiga ta Larnaka. Ta ce haka za a yi, ta kuma sa jikan nata ya rubuta sunayen wuraren a bayan littafinsa na lissafi. Allah Ya kai ta lafiya, Ya dawo mana da ita lafiya.

TAMBAYOYIN MAKO

1. Waɗanne tsibirai biyu ne suka fi Kubrus girma a Bahar Rum?
2. In ƙarfe 12 na rana ne a Kaduna a watan Yuli, ƙarfe nawa ne a Nikosiya?
3. Wace ƙasa ce tsibiri a cikin ƙasashen ƙungiyar ECOWAS?

Ku rubuta amsoshinku da sunan makarantarku da ajinku, ku aiko kamar yadda aka saba. Amsar tambaya ta uku ita ce ƙasar da za mu ziyarta mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Mu kwana nan.